Tsara Wasan NT a Birij Kafin Ka Taɓa Katin Farko

Tambaya: Ban daɗe da fara wasan birij ba. Duk sa'ad da kwantiragin 3NT ya faɗo hannuna, nakan kwashe manyan katunana tun da fari, in kai ci bakwai ko takwas, daga nan sai masu tsaro su kwashe sauran, in faɗi da ci ɗaya. Yaya ake tsara wannan wasa?

Malam, abin da kake yi shi ne kuskuren da kusan kowa ke farawa da shi, kuma dalilin faɗuwarka yana cikin tambayar taka. A kwantiragin NT babu gidan da ke yanka, saboda haka as ɗinka ba ya ruɓewa. In ka ajiye shi har zagaye na goma, zai ci kamar yadda zai ci a zagaye na farko. Amma muddin yana hannunka, birki ne a kan gidansa. Da ka jefa shi ka cire birkin da kanka, ka mayar da sarauniya da jak na abokan hamayya manya. Manyan katuna ba su ne aikin ba. Aikin shi ne ci ɗaya, biyu ko uku da babu su tukuna, waɗanda sai ka gina su, kuma kana gina su ne a tsere da mutum biyu da ke gina nasu.

Bari mu daidaita kalmomi don mu fahimci juna. Gida shi ne ɗaya daga cikin ♠ ♥ ♦ ♣. Shimfiɗa ita ce hannun abokin wasanka da ake bajewa a tebur bayan jifan farko. Kai ne Kudu, shimfiɗa Arewa, Yamma ne ke jifan farko, Gabas na damanka. Ci goma sha uku ne a kowane rabo, 3NT na bukatar tara, wato huɗu kawai za ka iya bari. Ci na biyar da suka samu ya kashe ka.

Lokacin tunani shi ne sa'ad da aka baje shimfiɗa, kafin ka kira ko da kati ɗaya daga cikinta, ko da katin guda ɗaya tal ne a gidan da aka jefo. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a 3NT tafiyar tana farawa ne da katin farko. Babu wanda zai ga laifinka don ka yi minti ɗaya a nan. Tsayawa a zagaye na shida, bayan ƙofa ta rufe, shi ne ba ya da amfani.

Fara da ƙirga ci na tabbas, wato waɗanda za ka iya kwashewa yanzu ba tare da jifa ya koma hannunsu ba. Ka ƙirga gida-gida, kana haɗa hannu biyu. A K 4 da Q 7 2 ci uku ne. A K da Q J ci biyu ne kawai, duk kyan katunan, domin zagaye biyu gidan zai yi. K Q J 10 babu ci na tabbas ko ɗaya, tunda as na waje, ko da yake uku na nan tafe. Idan ka samu jimillar, cire ta daga tara. Abin da ya rage shi ne aikinka. Sai ka waiwaya ka yi ƙirga ta biyu, wadda masu koyo ke mantawa da ita: birki nawa nake da shi a gidan da suka jefo, sau nawa zan sakar musu jifa kafin nawa su nuna, kuma in sun karɓa ci nawa za su kwashe? Idan kana da birki ɗaya kuma sai ka saki jifa sau biyu, lissafin bai fita ba, sai ka nemi wata hanya tun yanzu.

Ga rabo na farko. Ka buɗe 1NT, abokinka ya kai 3NT, Yamma ya jefo ♠K.

Shimfiɗa: ♠ 6 4 ♥ K 8 3 ♦ K Q J 10 5 ♣ 7 4 2
Kai: ♠ A 9 3 ♥ A 7 5 2 ♦ 9 6 2 ♣ A K 8

Na tabbas biyar ne: ɗaya a ♠, biyu a ♥, biyu a ♣. Huɗun da suka rage duk suna ♦, da zarar ♦A ya fita. To matsalar ita ce ♠ takwas suna wajensu, birkinka ɗaya. In ka ci ♠K da as nan take ka taɓa ♦, duk wanda ke da ♦A zai ci, ya mayar da ♠, idan rabon gidan 5-3 ne su kwashe huɗu su haɗa da ♦A, biyar ke nan. Maganin shi ne jinkiri. Ka bar musu zagaye na farko, ka bar na biyu, ka ci na uku. Ba ka yi asarar komai ba, domin waɗannan biyun dama nasu ne. Abin da ka saya da su shi ne ka ƙarar da ♠ a hannun Gabas. Yanzu in ♦A na wajen Gabas, zai ci amma ba shi da abin da zai miƙa wa abokinsa. In kuwa yana da ♠ na huɗu, to gidan 4-4 ya rabu, za su samu ♠ uku da ♦A, huɗu, kai ka yi tara. Idan Yamma ne ke da ♠ biyar kuma ga ♦A, babu abin da za ka yi, kuma ba laifinka ba ne.

Akwai ƙaramin abu a wannan rabon da ke kashe mutane fiye da jinkirin. Mai tsaro da ya san hannunsa ba zai ci ♦ na farko ba, zai riƙe as har zagaye na uku, lokacin da ♦ ya ƙare a hannunka. Daga nan ♥K ne kaɗai ƙofar shiga shimfiɗa. Saboda haka idan a tsakiyar wasa suka juya zuwa ♥, ka ci da as na hannunka, ka bar sarki a tebur. Wanda ya ce "sarki" ba tare da tunani ba ya binne ♦ biyu da suka riga suka nuna.

Ana koyar da wata ƙa'ida da ake kira ƙa'idar bakwai: haɗa katunanka da na shimfiɗa a gidan da aka jefo, cire daga bakwai, abin da ya rage shi ne sau nawa za ka ƙi ci. A sama biyar ne, don haka sau biyu. In shida ne, sau ɗaya ya isa, domin idan gidan 5-2 ne Gabas ya ƙare a zagaye na biyu, idan 4-3 ne kuwa ci uku kawai ke ciki. Tana da amfani a matsayin tunatarwa, amma an gina ta ne a kan yanayi guda: birkinka as ne, kuma abin tsoron shi ne gida mai kati biyar. Kada ka ɗauke ta doka.

Wuraren da jinkiri ke cutarwa suna da yawa. Na farko shi ne idan akwai wani gida da ya fi wannan rauni. An jefo ♠, kana da as, amma ♥ ɗinka J 4 ne a tebur da 7 5 2 a hannu. In ka bar musu zagaye na farko, mai hankali zai duba shimfiɗa ya juya zuwa ♥, ka tsere wa ruwa ka faɗa wuta. A nan ka ci nan take ka kama aikinka. Na biyu shi ne idan cin farko yana haifar maka birki na biyu. Ɗauki J 5 a shimfiɗa da A 10 3 a hannu, an jefo ƙarami. Sa 5 daga tebur. Gabas ya sa sarauniya, ka ci da as. Yanzu jak da goma suna fuskantar sarki shi kaɗai, ɗayansu dole ya ci. In ka yi jinkiri a nan, Gabas zai mayar da gidan ta cikin A 10 ɗinka, ka ƙare da ci ɗaya maimakon biyu. Na uku shi ne idan kana da tara a hannu kuma babu wani ƙari da za a nema ba tare da haɗari ba: karɓi abinka.

Akasin wannan, akwai jinkirin da ke da riba ko ba don ƙarar da katin Gabas ba. Yamma ya jefo sarki daga K Q 10, kana riƙe da A J 4, tebur ƙanana. Sa 4. In ya ci gaba da gidan, ya shigo bakin A J, ka ci biyu. In ya juya wani gida, ka samu lokaci, birkinka na nan. Wannan dabara tsohuwa ce tun zamanin wasan wist, kuma sunan garin Bath na Ingila take ɗauke da shi.

Katin da za ka sa daga shimfiɗa a zagaye na farko shi ma yana da nasa lissafi, kuma ya kamata ka haddace 'yan kaɗan. Q 4 a tebur da A 7 2 a hannu: sa sarauniya, domin in ba ta ci yanzu ba, ba za ta ƙara ci ba. Q 4 da A 10 2: sa ƙarami, ci biyu tabbas ne ko me Gabas ya sa. K 4 da J 7 2: ƙarami, birki ɗaya ya tabbata. Q 4 da K 7 2: sarauniya, da fatan as na wajen Yamma, sai K 7 ya rage maka a matsayin birki muddin Gabas bai samu jifa ba. Bambancin duka yana kan goma ko jak ɗin da ke hannunka.

Wannan misali na ƙarshe ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar wasan NT: a yawancin rabo, ɗaya daga cikin masu tsaron ne mai haɗari, ɗayan ba ya iya cutar da kai. Bayan jinkiri, mai haɗarin shi ne mai dogon gida, yawanci Yamma. Amma in K 7 ne ya rage maka, Gabas ne mai haɗarin, domin shi zai jefo ta cikin sarkinka, alhali in Yamma ya jefo, sarkin zai ci. Da ka gane wane ne, sai ka karkata duk wasanka yadda in za a rasa ci, marar haɗarin ne zai karɓa. Ka ce kana da ♦ A J 10 4 a tebur da K 9 8 3 a hannu. Ana iya yi wa sarauniya fines ta kowane ɓangare, wato ka gwada ci da katin da bai kai ta ba, da fatan tana hannun wanda ya riga ya sa nasa. In Yamma ne abin tsoro, ci sarki, jefa ƙarami zuwa jak: ko dai ya ci, ko ya faɗa hannun Gabas. In Gabas ne abin tsoro, ci as, sako jak daga tebur ka bar shi ya wuce. A nan ba tambayar wa ke da sarauniya kake yi ba. Tambayar ita ce wa za ka iya jure wa ya ci da ita.

Rabo na biyu ya fi wuya, domin sau biyu za ka saki jifa. Yamma ya jefo ♠Q.

Shimfiɗa: ♠ 6 3 ♥ 7 5 4 ♦ K 8 2 ♣ A Q J 10 4
Kai: ♠ A K 4 ♥ K Q J ♦ A 7 5 3 ♣ 9 8 3

Na tabbas biyar: ♠ biyu, ♦ biyu, ♣A. Ido zai tafi ♣ kai tsaye, shi ne gida mafi tsawo kuma mafi kyau. Amma ƙirga: in fines ɗin ♣ ya faɗi, gidan ya ba ka huɗu, jimilla takwas, sai ka nemi na tara a ♥. Bi hanyar ka gani. Ka ci ♠ na farko, ka saki ♣9, Gabas ya ci da sarki ya mayar da ♠, ka bari sau ɗaya, ka ci na uku. Birki ya ƙare. Ka kwashe ♣, ka jefa ♥K, Yamma ya ɗora as ya kwashe ♠ biyu. Sun samu ♠ uku, ♣K da ♥A.

Yanzu juya tsarin. Fines ɗin ♣ Gabas kaɗai zai iya faɗa wa, ko da yaushe ka yi shi. ♥A kuwa yana iya zama a kowane hannu, kuma shi ne kaɗai ƙofar da Yamma zai iya shigowa ta cikinta. Don haka shi za ka fara fasawa tun kana da birki. Ci ♠ na farko, jefa ♥K. Duk wanda ya ci ya mayar da ♠, ka bari sau ɗaya, ka ci na uku, sannan ka yi fines ɗin ♣ zuwa hannun Gabas wanda ♠ ya ƙare masa. In yana da saura, gidan 4-4 ne, ci huɗu kawai za su samu. In kuwa suka ƙi cin ♥K, to ka samu cin da kake nema, kada ka sake taɓa ♥, koma ♣ nan take da birkinka a hannu. Wannan tunani, wato fara cire ƙofar mai dogon gida, yana dawowa a rabo da yawa, kuma shi ya sa "fara da gidanka mafi tsawo" shawara ce mai kyau ga mafari amma ba ta isa ba.

Katin da aka jefo da fari yana magana, in ka saurara. Da yawa daga masu wasa suna jefo kati na huɗu daga sama a gidansu mafi tsawo, kuma kana da damar tambayar yarjejeniyarsu, domin wasu na uku ko na biyar suke jefowa, wasu kuma wani tsari dabam. In na huɗu ne, 2 yana nufin kati huɗu ne kacal a hannunsa, tunda babu abin da ke ƙasa da 2. Haka ma 3 in kana ganin 2 a hannunka ko a tebur. Wannan labari yana sauya tsari gaba ɗaya. A ce birkinka ɗaya ya tafi, kana da takwas na tabbas, ci na tara kuma ko dai ta fines a ♥ ko ta fitar da ♦A. In gidan nasu 4-4 ne, fitar da as hanya ce marar haɗari: uku da ɗaya, huɗu. In alamu sun nuna biyar ne a hannun Yamma kuma Gabas na da sauran katin mayarwa, fitar da as faɗuwa ce tabbas, fines mai rabi-da-rabi ya fi ta nesa ba kusa ba. Katuna iri ɗaya, amsa biyu, kuma ƙaramin katin da aka jefo ne ya raba su.

Ƙa'idar goma sha ɗaya ita ma daga nan ta fito. Cire lambar katin da aka jefo daga 11, abin da ya rage shi ne adadin katunan da suka fi shi girma a sauran hannu uku. Dalilin: in ka ba jak 11, sarauniya 12, sarki 13, as 14, to katunan da suka fi wanda aka jefo su ne 14 a cire lambarsa, uku daga cikinsu kuma suna hannun mai jifan. An jefo 6, tebur na da Q 10 3, kai kana da A 8 7. Biyar ne suka fi 6, kuma duka biyar ɗin kana ganinsu. Gabas ba shi da abin da zai doke 6. Kana iya ci da 7 a hannu ko da 10 a tebur, duk inda kake son jifa ya kasance, as ɗinka na nan.

Sai maganar ƙofofi, wadda ta fi kowace yawan kashe kwantiragin da ya kamata ya yi. Ci da ya nuna a hannun da ba ka iya shiga, tamkar babu shi ne. Idan tebur na da ♦ A K 7 6 4 3, kai kana da 5 2, kuma babu wata ƙofa a can, kada ka ci as da sarki sannan ka ba da na uku. Gidan zai nuna, amma ba ka da katin zuwa. Ba da na farko: ƙarami daga hannu, ƙarami daga tebur. Da ka sake samun jifa, katinka na biyu ya kai ka as, sarki ya share sauran in rabon 3-2 ne, ka samu biyar. Cin da za ka rasa ɗaya ne ko ta yaya, ka zaɓi lokacin rasa shi ne kawai. Da A 8 6 5 3 a tebur da 7 4 2 a hannu, sau biyu za ka bari, as ya ci na uku.

Wajen kwasar gida da ya nuna, fara da manyan katunan hannun da ya fi gajarta. K Q 4 a hannu da A J 7 3 2 a tebur: sarki, sarauniya, sannan 4 zuwa as. Wani lokaci sai ka haɗiye babban katinka da kanka: K Q a hannu da A J 10 9 4 a tebur, ci sarki, sannan ka ɗora as a kan sarauniyarka, jak da goma da tara duk manya ne, biyar cif. Akwai kuma toshewar da ba a gani sai ta faru. A K Q 6 2 a tebur, 9 8 7 3 a hannu. In ka bi al'ada ka zubar da 3, 7, 8 a ƙarƙashin manyan uku, a zagaye na huɗu 9 ɗinka zai doke 6, jifa ya maƙale a hannunka, kati na biyar ya mutu a tebur. Zubar da 9, 8, 7, ka riƙe 3.

Idan hanya ta fi ɗaya, kana bukatar 'yan alƙaluma, kuma ba su da yawa. Kati biyar a waje suna rabuwa 3-2 kusan kashi 68 cikin ɗari, 4-1 kusan 28. Shida a waje: 3-3 kusan 36 kawai, 4-2 kusan 48. Bakwai: 4-3 kusan 62, 5-2 kusan 31. Huɗu: 2-2 kusan 41, 3-1 kusan 50. A taƙaice, adadi mara yakan rabu kusa da daidai, adadi cika kuwa yakan karkace. Fines ɗaya kashi 50 ne, don haka ya fi jiran 3-3, amma bai kai 3-2 ba. Sai dai gwani ba ya zaɓar ɗaya in zai iya gwada biyun. In kana da A K Q 4 da 7 5 2 a wani gida, ga kuma A Q a wani, fara kwasar manyan ukun. In gidan ya rabu 3-3, kati na huɗu ya zama ci na tara, ba ka bukatar fines. In bai rabu ba, fines na nan yana jiranka. Haɗa su ya kai ka kusan kashi 68 maimakon 50. Sharaɗin shi ne ka fara da wadda in ta ƙi ba ta miƙa musu jifa, kuma ka lura cewa in gidan bai rabu ba, ka gina musu ci ɗaya da za a ƙara a lissafinsu. Waɗannan alƙaluma na kafin a san komai ne. Da zarar Yamma ya nuna ♠ shida, gurbin da ya rage masa bakwai ne, Gabas kuwa ya fi shi gurbi, don haka sarauniyar da kake nema ta fi yiwuwa tana Gabas. Haka kuma makin manyan katuna (as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1) 40 ne a karta duka. In kai da tebur kuna da 26 kuma Yamma ya buɗe ciniki, kusan duk 14 ɗin da suka rage suna wajensa. In kuwa ya wuce bai buɗe ba kuma ya riga ya nuna maki 10, kada ka nemi wani sarki a hannunsa.

Irin gasar da kake bugawa tana shiga tsarin. A NT cin farko bayan shida maki 40 ne, na bayansa 30 kowanne, shi ya sa 3NT ke kai 100 daidai ya zama gem, wato kwantiragi mai babban ƙarin maki, jimilla 400, ko 600 in kuna cikin haɗarin ninkin hukuncin faɗuwa. A wasan ƙungiya da ake lissafi da IMP, wato makin da ake samu daga bambancin sakamakon tebur biyu, ƙarin ci ɗaya IMP 1 ne, faɗuwar gem ɗin 600 kuwa, idan ɗaya teburin ya yi shi, IMP 12 ne. Don haka kwantiragi ake karewa. Da ♦ A K Q 6 4 3 a tebur marar wata ƙofa, 5 2 a hannu, kana bukatar biyar kawai, ba da zagaye na farko kyauta: ka sadaukar da ƙari ɗaya, ka tsira daga 4-1. A gasar bibbiyu da ake kwatanta sakamakonka da na kowane tebur, ƙarin nan na iya zama bambancin sama da ƙasa, kuma tunda 3-2 ya ninka 4-1 fiye da sau biyu, yawanci daga sama ake kwasa, sai fa in ka ga kwantiragin naka ya fi na sauran tebura kyau har yin sa kawai ya isa.

1NT wani abu ne dabam, kuma a ganina ya fi 3NT wuya. Ƙarfi ya rabu kusan daidai, kana bukatar bakwai, kana iya barin shida, jifa zai yi ta kai-komo. A nan haƙuri ya fi dabara. Ka kiyayi gidan da duk wanda ya fara taɓa shi ke asara, kamar Q 6 3 a tebur da J 7 4 a hannu: in su suka buɗe shi, ka sa ƙarami a hannu na biyu, ci ɗaya tabbas ne, in kai ka buɗe shi kana iya tashi babu ko ɗaya. Miƙa musu jifa ta gidan da dama za ka rasa, su buɗe maka wanda kake so.

Abu na ƙarshe da ake yawan yin sakaci da shi shi ne zubarwa. Kafin ka fara kwasar dogon gida na tebur, duba abin da hannunka zai zubar a zagaye na huɗu da na biyar. In ƙananan katunan da ke kare sarkinka ko sarauniyarka ne za su tafi, to wataƙila sai ka fara yin fines ko fitar da as ɗin da ya rage kafin ka kwashi dogon gidan. In kuwa hannunka na da abin zubarwa ba tare da ciwo ba, kuma kana da takwas ba ka ga na tara ba, kwashe dogon gidan ka sa musu ido. Da wuya mutum ɗaya ya iya tsare gida uku da kati biyar, kuma abin da ya fara zubarwa cikin sauƙi yawanci daga gidan da ba shi da komai a ciki ne, ko daga gida mai kati biyar. Ka riƙa ƙirga gidan da suka jefo tun farko musamman: in mai ♠ biyar ya zubar da ɗaya don ya kare sarauniyarsa, huɗun da za su kwashe sun koma uku, kuma fitar da as ɗin da ɗazu faɗuwa ce yanzu ta zama hanyar ci na tara.